Tsakanin .308 da 6.5 Creedmoor: Ra'ayin Mutumin Tawa da ke Zaune a Kanada

A lardin Alberta na ƙasar Kanada, inda nake zaune, babu gardamar da ta fi cin lokacin mafarauta kamar ta harsasai biyu, wato .308 Winchester da 6.5 Creedmoor. Da yake ƴan'uwa a Tawa da Yamai suna ganin wannan muhawara a intanet, sukan tambaye ni wanne ne gwani a cikinsu. Ra'ayina shi ne an ɗora wa sunan harsashi nauyin da ba nasa ba, an kuma bar abin da ya fi muhimmanci, wato murɗin da ke cikin bututun bindiga da kuma nisan da mutum yake nufin harbi.

Harsasan biyu kusan ƴan gida ɗaya ne. Kamfanin Winchester ya fitar da .308 a 1952, shekara biyu kafin ƙungiyar NATO ta karɓi ɗan'uwansa na soja, shi kuwa 6.5 Creedmoor kamfanin Hornady ne ya ƙirƙiro shi a 2007 domin gasar harbin nesa. Girman kwansonsu bai bambanta sosai ba, kuma dukansu suna barin bakin bindiga da gudun da ya kai wajen mita 800 a daƙiƙa guda. Inda suka rabu shi ne ƙirar kan harsashin: na .308 kaurinsa milimita 7.8 ne, nauyinsa giram 10 zuwa 12, na Creedmoor kuwa milimita 6.7, nauyinsa wajen giram 9, siriri ne mai tsawo, don haka ya fi keta iska.

A cikin bututun bindiga an sassaƙa layuka masu murɗewa, su ne suke sa harsashi ya fita yana juyawa, kuma juyin nan ne yake hana shi tuntsurewa a hanya, kamar yadda mazarin kaɗi yake tsayawa cak muddin yana juyi. Idan aka rubuta 1:8, ana nufin harsashi yana kammala zagaye ɗaya a cikin inci takwas na bututu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tsawon harsashi ne yake buƙatar murɗi mai sauri fiye da nauyinsa, kuma tun 1879 wani malamin lissafi na Ingila, Alfred Greenhill, ya fitar da ƙa'idar auna hakan. Shi ya sa ake yi wa Creedmoor 1:8, wanda yake juya harsashi fiye da sau 200,000 a minti guda, alhali .308 yana wadatuwa da 1:10 ko 1:12.

Duk wanda yake ganin wannan ƙaramin al'amari ne, to ya dubi abin da ya faru a 1955. A shekarar kamfanin Remington ya fitar da harsashin .244, Winchester ya fitar da .243, masu kauri ɗaya. Remington ya yi wa bindigarsa murɗin 1:12, wanda bai iya tsayar da dogayen harsasai masu nauyi da masu farautar barewa suke so ba, shi kuwa Winchester ya yi 1:10. Kasuwa ta koma wurin .243, har sai da Remington ya sauya wa harsashinsa suna zuwa 6mm Remington a 1963, da murɗin 1:9, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Albarushin .244 ya ma fi yawa, bambancin inci biyu na murɗi ne ya kayar da shi.

Idan maganar harbin allo ce daga mita 600 zuwa 1,000, ba ni da shakka Creedmoor ne a gaba. Iska ba ta karkatar da shi kamar .308, bai cika dukan kafaɗa ba, kuma wanda ya san yadda iskar hunturu take kaɗawa a tsaunukan Adar da ke yankin Tawa zai gane darajar harsashin da iska ba ta cika ja ba. Ladan .308 kuwa shi ne bututunsa ya fi daɗewa kafin ya cinye, harsashinsa kuma ana samunsa kusan ko'ina. Akwai kuma batun yanayi: iskar sanyi ta fi kauri, saboda haka murɗin da yake kan iyaka zai iya tsayar da harsashi a zafin bazarar Tawa, ya kasa a sanyin Alberta.

Farauta kuwa wani abu ne dabam, kuma a nan ne nake saɓa wa abokaina na nan. A ƙasa da mita 300, barewa ba za ta bambance harsasan nan biyu ba, abin da ke kashe ta cikin sauri shi ne wurin da aka same ta da irin kan harsashin da aka zaɓa. Daga mita 700 kuwa harsashi yana shafe wajen daƙiƙa guda a hanya, kuma taku ɗaya na dabba a cikin wannan lokaci ya isa ya mai da harbin ƙirji harbin ciki, ta tsere da rauni ta mutu a wahale inda ba mai samun namanta. Maharbanmu na Adar, da bindigar toka da ba ta da murɗi ko kaɗan, sanɗa ce makaminsu: suna lura da inda iska ta nufa, suna bin sawu, suna matsowa har sai sun tabbata. Ina ganin wannan ilimi ya fi madubin hangen nesa wuyar samu, kuma raina yana ɓaci idan na ga matasanmu suna raina shi saboda bidiyon harbin nesa. Ga shi kuma namun dajinmu sun yi ƙaranci ƙwarai, dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta wajabta neman izini, kuma gandun dajin W da ke kudu da Yamai ba wurin farauta ba ne.

Saboda haka, ga mai lasisi da yake nufin farauta a nisan da ya dace, ni .308 mai murɗin 1:10 zan nuna masa, domin zai ɗauki harsashi mai nauyi da marar nauyi duka. Wanda kuma zuciyarsa take kan gasar harbin allo, ya nemi Creedmoor, amma ya karanta adadin murɗin bututun kafin ya biya kuɗi.