Abuja ta gina aji, wa zai kawo malami?

Kwanakin baya na raka wani ɗan'uwa ɗaurin aure ƙauyensu, muka ratsa ta makarantar firamaren garin don ya gaisa da hedimasta, abokin karatunsa ne. Ga sabon gini mai aji uku, fenti sai ƙyalli yake, an rubuta UBEC/SUBEB, wato hukumomin ilimin bai-ɗaya na tarayya da na jiha, da shekarar kwangila a jikin bango. Amma aji ɗaya a garƙame yake da kwaɗo. Da na tambayi dalili, hedimasta ya yi murmushi ya ce, "Malam, wa zan sa a ciki? Mu huɗu ne duk makarantar, har da ni." 'Yan aji uku da 'yan aji huɗu a cakuɗe suke a ɗaki guda, wasu kan benci, wasu kan buhun taki da suka zo da shi daga gida.

Wannan kwaɗon ya fi duk wani jawabin minista bayyana inda gizo ke saƙa.

Tun da Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, tsarin bai sauya ba. Gwamnatin Tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusunta ga hukumar UBEC. Kafin jiha ta karɓi rabonta na gine-gine, sai ta ajiye nata kuɗin daidai da abin da za a ba ta. Ba ta ajiye ba, ba ta karɓa ba. Shi ya sa kusan duk shekara sai an ji hukumar na kukan cewa biliyoyin naira na jibge, jihohi sun ƙi zuwa ɗauka, alhali alƙaluman UNICEF da aka fi ambata sun ce yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa.

Gwamnan da ya iya gina gadar sama amma ya kasa biyan kasonsa na UBEC ba shi da bakin magana, wannan a fili yake. Sai dai ba nan laifin ya tsaya ba. Kundin tsarin mulkin 1999 bai bai wa Abuja ikon tafiyar da firamare ba. Hakkin jihohi da ƙananan hukumomi ne. Tarayya na bayar da kuɗin gini da kujeru da littattafai da ɗan abin horar da malamai, amma albashi ba ya ciki. Ke nan duk sabon aji da aka gina, nauyi ne aka ɗora wa wanda zai biya malaminsa wata-wata har ya yi ritaya. Gini kuwa kowa na so, don akwai kwangila, akwai yanka kyalle, akwai hoto. Ɗaukar malami ba ya fita a talabijin.

Mun ga ƙarshen irin wannan a makarantun tsangaya na zamanin Jonathan. A 2012 aka buɗe ta Gagi a Sakkwato da gagarumin biki, aka gina guda 157, aka miƙa wa jihohi makullai. Ciyarwa fa? Albashin alaramma fa? Gyaran kwano idan iska ta yaye? Ba a zauna an yanke ba. Yau da yawansu sun zama kufai ko an mayar da su wani abu daban. A 2023 kuma aka sake kafa sabuwar hukumar almajirai a Abuja, kamar dai rashin hukuma ne ya kashe na farko.

Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Abu ne mai kyau, amma tsofaffin malamai ba su manta farkon shekarun 1990 ba, lokacin da albashinsu ya koma hannun ciyamomi suka riƙa yin watanni ba ko sisi. Wanda ke ganin tsoron banza ne ya dubi Abuja kanta: a 2025 malaman firamaren birnin, da albashinsu ke hannun ciyamomi, sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

A ganina, a taɓa dokar 2004. Kada UBEC ta sa hannu a kan ginin ko aji ɗaya sai jiha ta nuna sunan malamin da zai shiga cikinsa da shaidar biyan albashinsa. A ƙyale jihar da buƙatarta malamai ce, ba bulo ba, ta kashe wani kaso wajen ɗaukar su, domin matsalar Zamfara ba ita ce ta Ekiti ba. Sannan duk wata uku a wallafa sunayen jihohin da suka bar kuɗinsu a Abuja, da Hausa, a karanta a rediyo, don mai ƙuri'a ya ji da kunnensa.

Da za mu tafi, na tambayi hedimasta me ke cikin ajin da ya kulle. Ya ce sababbin bencina ne, ya ajiye su kada a sace kafin a turo malami. Damina biyu ke nan yana jira.