Wanda ke riƙe da sikeli da littafin bashi

Na daɗe ina jin ana cewa mutanen da rayuwarsu ta dogara ga daji ba su iya lissafi ba, kuma wannan magana ba ta taɓa kwanta mini a rai ba. Mutumin da ya san yawan zumar da amya za ta bayar tun kafin ya sauke ta, ko matar da ta san kwana nawa tarin itace zai kai gidanta, ai sun iya lissafi. Abin da ba a koya musu ba shi ne lissafin mai saye, wanda ke rubuce a takarda, wato karanta sikeli, gane kashi cikin ɗari, da sanin yadda kuɗin ruwa ke hawa kan bashi wata bayan wata.

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.6 ne ke samun wani ɓangare na abin dogaronsu daga dazuzzuka, kuma wani binciken CIFOR, cibiyar nazarin dazuzzuka ta ƙasa da ƙasa, da aka wallafa a 2014, wanda ya shafi gidaje kusan 8,000 a ƙasashe 24, ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu daga daji yake fitowa. Wannan samu kuwa na lokaci ne. Yana zuwa a dunƙule, sannan ya ɗauke na tsawon watanni, kuma a cikin waɗannan watanni ne dillali yake ba da kuɗin kafin alƙalami, ya ɗaure kayan baɗi a farashin da shi kaɗai ya yanke.

Labarin masu tatsar roba a dajin Amazon na ƙasar Brazil yana yawan faɗo mini a rai. Ubangida ne ke ba su kayan masarufi bashi, shi ke auna robarsu, shi ke rubuta abin da ake binsu, har ɗa ya gaji bashin ubansa bai taɓa ganin abin da ke cikin littafin ba. Jagoransu Chico Mendes, wanda aka kashe a 1988, bai koyi karatu ba sai da ya kai wajen shekara 18, shi ya sa tun a 1981 shi da abokan gwagwarmayarsa suka fara buɗe makarantu a cikin daji domin mutum ya iya duba awo da idonsa.

Yanzu kuma takardar ta ƙara wuya. Ana zuwa wa waɗannan al'ummomi da yarjejeniyar cinikin iskar kabon, wato a biya su kuɗi don su bar itatuwa a tsaye suna riƙe iskar da ke ɗumama duniya, yarjejeniyar da sau da yawa takan ɗaure ƙasarsu na shekara 30 ko fiye, ana maganar hekta da tan da kaso, kuma kason da aka yi musu alkawari yana iya zama na abin da ya rage bayan kamfani ya cire kuɗaɗen da ya kashe. Bambancin kashi 10 na ciniki da kashi 10 na riba zai iya lashe amfanin yarjejeniyar gaba ɗaya, kuma abin yana ci mini rai idan na tuna mutum nawa ne suka dangwala yatsa ba a fayyace musu wannan ba.

A ganina, duk ƙungiyar da ta zo da shirin kare daji ya kamata ta fara da zaunar da mutane, musamman mata da su ne suka fi tattara kayan daji, a koyar da su wannan lissafi cikin harshensu, da sikelin da ake auna kayansu, da ainihin takardar da ake so su sa wa hannu, kafin a ɗauko alƙalami.