Mu fara zuwa Gidimuni da kanmu

Ɗan ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mini hotunan hutun da ya yi a jihar Mishigan, can arewacin ƙasar, wadda huɗu daga cikin manyan tafkuna biyar na yankin suka taɓa iyakarta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗan tsibiri, Mackinac. Tun 1898 mutanen wurin suka hana mota yawo saboda tana firgita dawakai, kuma har gobe suna kan bakansu. Baƙo ya sauka daga jirgin ruwa, sai ya hau keke ko keken doki, ko ya taka da ƙafa. Na ce masa, su wa ke cika wurin haka? Ya ce, "Baba, yawanci 'yan ƙasar ne, mutum da iyalinsa."

Wannan amsar ce ta sa ni rubutun nan. Mu a Damagaram, da an ce yawon buɗe ido sai hankalinmu ya tafi kan Bature da jakarsa a baya, ya ratsa Zinder zai wuce Agadas. Rashin tsaro ya ɗauke wannan baƙon shekaru da dama, mu kuma muka naɗe hannu kamar don shi kaɗai aka gina wuraren. A ganina kuskure ne babba.

Ga tafkin Gidimuni nan a kan hanyar Gure, tafiyar awa guda da 'yan mintoci. Ruwa ne kwance tsakanin tuddan rairayi, dabino ya kewaye shi, ga garake na rake da rogo da kayan miya, ga masunta, ga tsuntsayen da ke sauka lokacin sanyi. A 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, tare da tafkin Madarumfa na jihar Maradi. Duniya ta san da shi ke nan. Amma ka shiga kowace fada ta samari a Zango ko Sabon Gari ka tambayi wanda ya taɓa zama bakin ruwan nan ya wuni, za ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Da yawa ta tagar mota kawai suka hango shi. A kan hanyar kuma akwai Mirya da kukokinta da tukwanenta, wadda ba ta kai kilomita 20 daga gari ba.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a gidana ma: garin da mata da yara ke kwana a layin pampo da bido, wa yake da sukunin zuwa kallon ruwa? Maganar tana da nauyi, ni ma ga-ruwa nake jira da rani. Sai dai ba otal mai hawa goma nake kira a gina ba. Kuɗin mota ne da na abinci, irin wanda muke kashewa a biki guda ba tare da mun ji ba. Kuma kuɗin nan ba ya barin jiha: yana shiga aljihun mai garka, da mai suyar kifi, da yaron da zai zagaya da kai.

Akwai dalilin da ya fi wannan. Wurin da ba a zuwa, ba a jin ciwon lalacewarsa. Rairayi na cin bakin tafkin, kacalla na rufe ruwan, manoman wurin ne kaɗai ke fama, domin mutanen birni ba su gani balle su yi magana. Haka yake ga unguwar Birni. Tun 2006 ita da fadar Sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, amma kowace damina sai wani tsohon gida mai zane ya zube, a maye shi da bulo da kwano. Ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, saura ɗan abin da ya rage. Yara nawa ne a garin nan aka taɓa riƙe wa hannu aka nuna musu, aka ce nan ne babban birnin ƙasar kafin a mayar da shi Yamai a 1926?

Abin da nake nema daga hukumomin jiha da na Gidimuni kaɗan ne: rumfuna na inuwa a bakin ruwa, makewayi mai tsabta, wurin alwala da salla, hana zubar da leda, da 'yan samarin garin da za a koya wa tarihin wurin su riƙa yi wa baƙi jagora a kan kuɗi sananne. Shugabannin lakkwal kuma su sa fita guda a kowace shekara, ko da iyaye ne za su haɗa kuɗin man mota. Ni dai na riga na yi magana da maƙwabta biyu. In Allah ya kai mu hutun sanyi, mota guda za mu ɗauka da yaranmu goma sha ɗaya, mu tsaya Mirya da safe, mu yi azahar a Gidimuni.