Cinikin takarda: mu fara da kwali kafin farar takarda

Wanda ya taɓa ɗaga shafin tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na Kano ko Barno ya haska shi da rana, mai yiwuwa ya ga hoton jinjirin wata guda uku a jikin takardar. Tambarin masana'antun Italiya ne, irin na gidan Galvani, takardar da fatake suka riƙa ɗorowa raƙuma ta Tarabulus a ƙarni na 19. Yau jirgin ruwa ne ke sauke ta a Apapa. Shiga shagon ɗab'i ka juya bayan rim, wato ƙunshin takarda, sunan Indonesiya ko Indiya ko Sin ko Tailan za ka tarar.

Ƙasashen da ke juya wannan kasuwa ba da ka suka samu ba. Finland da Sweden sun yi shekaru aru-aru suna renon dazuzzukansu. Brazil ta shuka gonakin bishiyar turare, wadda ake sarewa bayan kamar shekara 7, ta zama gaba-gaba wajen sayar da markaɗen itacen da ake yin takarda da shi. Sin kuwa sayen markaɗen take yi ta sarrafa, ta sayar wa duniya takarda da kwali. Dukkansu suna da ruwa da wutar da ba ta ɗaukewa, don injin takarda ba ya son a kashe a kunna.

Mai saye kuwa duk abin da ya faru a can, a aljihunsa yake ƙarewa. A 2021 Sin ta daina karɓar tsohuwar takarda daga waje. A 2022 ma'aikatan UPM, kamfanin takarda na Finland, suka yi yajin aiki daga Janairu zuwa Afrilu. A Yunin 2023 aka sakar wa kasuwa farashin naira, darajarta ta faɗi. Uban da ya je sayen littafin rubutu dozin guda ya dawo da shida bai san UPM ba, amma ya ji a jikinsa.

Najeriya ta taɓa gwada kafa masana'antun takarda: Jebba, wadda ta fara aiki a 1969, sai Oku Iboku mai takardar jarida, sai Iwopin. An shuka malaina dominsu, sai dai zarenta gajere ne, dole a haɗa da dogon zare da ake saya da dala. Da dala ta yi wuya, injuna suka yi shiru.

Shi ya sa ban goyi bayan masu cewa a rufe ƙofar shigo da takarda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibi da mai ɗab'i ne za su sha wuya. A ganina kwali ne mafarinmu. Taliya, sabulu, magani, kowane sai an zuba shi a kwali, kuma daga tsohon kwali ake yin sabo. Kullum ana ganin 'yan bola-jari sun tula shi a kura, sun ɗaure da igiyar roba, suna kai wa masu sikeli. Kayan aikin yana hannunmu, ba ya jiran dala.

Batun dogon zare kuma, ga rama. Ɓawonta da kakanninmu ke tufka igiya da shi yana da dogon zaren da takarda ke buƙata, kuma damina guda take yi a girbe ta. Abin da manomin Katsina ko Jigawa ke buƙata shi ne masana'antar da za ta yi masa alƙawarin saye da farashi tun kafin ya yi shuka.