Motar da ke tuƙa kanta da wayoyin garejinmu

Tun watan Oktoba na 2020 kamfanin Waymo ya buɗe wa jama'a hayar motocin da babu direba a cikinsu a yankin Phoenix na Amurka, kuma yawancin masu magana a kai wayon kwamfutar suke yabawa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da ake yi domin a tabbatar cewa igiyoyin rediyo da na lantarki ba sa rikita na'urorin motar, ita ma ba ta rikita na wasu.

Irin wannan mota da kyamarori take gani, da rada mai aiki tsakanin gigahaz 76 zuwa 81, da siginar GPS mai nuna inda motar take, wadda take isowa ƙasa daga tauraron ɗan adam da rauni ƙwarai bayan tafiyar kilomita kusan 20,000. Shi ya sa ake shigar da ita ɗaki mai bangon ƙarfe wanda aka lulluɓe da soso mai tsini da ke shanye igiyoyi, a bar tayoyinta suna juyawa, sannan a harba mata igiyoyi masu ƙarfi a ga ko birki ko sitiyari zai motsa ba da umarni ba. Ƙa'idar ISO 11451 ce ke bayyana yadda ake wannan gwaji, ƙa'idar CISPR 25 kuma tana auna hayaniyar lantarki, wato igiyoyin da ba a so, da kayan motar ke fitarwa. Akwai ma ISO 10605, mai gwada tartsatsin lantarkin da ke fita daga jikin mutum, wanda duk ɗan Damagaram ya sani idan ya taɓa ƙofar mota a tsakiyar hunturu.

Damuwata ita ce, shaidar gwajin ta tsaya ne kan motar yadda ta fito daga masana'anta. Mu kuwa tsofaffin motoci ke zuwa mana, kuma da zarar sun iso sai a ƙara musu fitilun LED masu arha da caja marar inganci, mai wayarin ya yanke waya mai rufin kariya ya ɗaura ta gama-gari, alhali waɗannan su ne ke haifar da hayaniyar. Ba laifinsa ba ne, domin ba wanda ya koya masa. Motoci masu rada da birkin da ke kama kansa sun riga sun fara shigo mana, kuma idan birkin ya kama babu dalili a hanyar Tanut da tirela a baya, rayuka ne za su salwanta.

A ganina wajibi ne makarantun koyon sana'a na Zinder su sa wannan darasi cikin karatun masu gyaran lantarkin mota tun yanzu.