Cajin dare a kan katifa, ƙofa kuma a kulle: mu sake tunani kan batirin lithiyam

Yanzu a Garwa ko Marwa da wuya ka shiga gidan da babu batirin lithiyam. Wayar maigida, wayar uwargida, fawa bank, fanka mai caji, tocila, ƴar sifika ta yara, wasu ma har da babban batirin sola a lungun ɗaki. Ba gayu ba ne ya kawo su, larura ce, wutar arewacin Kamaru yawancinta daga madatsar Lagdo take zuwa, in ruwa ya ja baya a rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, kuma ko tashoshin sola na Marwa da Gidar da aka ƙara basu kawar da matsalar duka ba. To kowa sai ya nemi abin da zai adana masa wuta. Ni dai ban ga laifin kowa a nan ba.

Abin da ke damuna shine inda muke ajiye kayan nan in suna caji, da lokacin da muke cajin. Wallahi wannan ya fi tsorata ni fiye da maganar jabu da orijinal da kowa ke yi.

Ga yadda abin yake. A cikin batirin akwai ɓangare biyu da wata ƴar siririyar leda ta raba, ga kuma wani ruwa mai kama wuta da suke jiƙe a ciki. In ledar nan ta huje, ko saboda faɗuwa, ko an lanƙwasa batirin, ko caji ya wuce ƙima, ko zafi ya yi yawa, sai ɓangarorin su haɗu, zafi ya tashi, zafin ya jawo wani zafin, cikin ƴan daƙiƙoƙi ya kai ɗaruruwan digiri kuma babu maɓallin da zaka danna ya tsaya. Shi yasa rufe shi da bargo ko zani baya kashe shi, don daga cikinsa yake ci, sai dai ma ka ƙara masa abin ci. Hayaƙin kuma guba ne, a ɗaki rufaffe zai iya sumar da mai barci kafin harshen wuta ya iso gare shi. Kuma ko ya mutu a ido yana iya sake tashi bayan awanni.

Masu ƙera batiran nan galibi suna cewa kada a yi caji in zafi ya wuce digiri 45. To dan Allah a duba Garwa a watan Maris da Afrilu, ko Kusiri da Njamena, inda zafin inuwa kansa ke haura 40, sannan a shiga ɗaki mai rufin kwano da azahar. Batirin tun kafin a jona shi ya kusa iyakarsa. Sai kuma a ɗora shi kan katifar soso, a danne da filo, wani ma a cikin gidan sauro yake kwana da waya da fawa bank suna jone don yana sauraron wa'azi ko yana jiran saƙo har barci ya ɗauke shi. Zafin da caji ke fitarwa ina zai bi?

Kada wani ya ce wannan matsalar kayan arha ce kaɗai. A 2016 kamfanin Samsung da kansa ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta na kamawa, kuma ba ƙaramar waya ba ce. A birnin New York na Amurka, inda suke da motocin kashe gobara ko ina, gobarar irin wannan batir ta kashe mutum 18 a 2023, yawanci daga kekuna da babura masu caji da ake shiga da su cikin gida. Kamfanonin jiragen sama basa yarda a sa fawa bank a jakar da za ta shiga ƙasan jirgi, sai dai ka riƙe a hannu, dalili kuwa ɗaya ne, suna so in ya fara hayaƙi ya zama akwai idon da zai gani. Wannan dalilin nake so mu ɗauko mu kawo gida: abu ne da ba a barinsa inda babu ido. Mu kuma daidai lokacin da duk idanun gida suke rufe muke jona shi.

Na san amsar da za a bani, kuma amsa ce mai ƙarfi. Malam, wutar sai tsakar dare ake kawowa, in ban jona na kwanta ba da me zan wayi gari? In na bar waya a tsakar gida kuma ɓarawo ya tsallako fa? Gaskiya ne, kuma shi yasa bana cikin masu cewa kawai a daina cajin dare, wannan shawarar ta wanda wuta bata yanke masa ce. Abin da nake cewa a canza wurin. A sauke daga katifa a ajiye a ƙasa kan siminti ko tayil, ko cikin faranti na ƙarfe, nesa da labule da tulin kaya da tabarmar roba. Wannan ko sefa biyar baya ci. Wanda ya farka sallar asuba ko ya tashi cikin dare ya ga ya cika sai ya zare.

Sai maganar ƙofa, kuma nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Gidajenmu na yanzu tagogi duk da ƙarfen tsaro, ƙofa ta ƙarfe, a sa sakata a ƙara kwaɗo, makulli kuma a wurin maigida kaɗai wanda shi ma sai ya lalubo shi a duhu. Ɗaki mai hanyar fita guda ɗaya, sannan soket ɗin da ake jona komai yana daidai bakin ƙofar nan, ko batirin sola an girke shi a zaure ko a barandar da kowa zai bi ya fita. In abin ya kama, wutar tana tsakaninka da waje, yara suna bayanka. Don Allah duk mai karanta wannan ya tashi yau ya duba, in wurin cajin gidansa yana kan hanyar fita ya matsar da shi, makulli kuma ya samu wurin da matar gida da manyan yara suka sani. A haɗa da zuwa-zuwa, man da ake saidawa a kwalabe, gidaje da yawa na ƴan moto da masu saida shi akwai jarka a ɗaki ko a shago, jarkar fetur da wurin caji kada su haɗa ɗaki ko da wasa.

Batirin kuma yakan yi gargaɗi, mu ne bama saurara. Waya ta kumbura har murfin baya ya ɗaga ko gilashin ya fara rabuwa, sai a ɗaure da roba ko salatif a cigaba. Fawa bank ya yi ciki, ana cewa ai yana riƙe caji. Yana zafin da hannu baya iya riƙewa, yana wani wari kamar na sinadari, ko yana ƴar ƙara shiii. Duk wanda ya ga haka ya daina jona shi nan take, a fitar da shi waje cikin inuwa a sa a bokitin ƙarfe mai yashi. Kada a huda shi wai a fitar da iskar, kada a danne shi ya koma daidai, kada a ba yaro ya yi wasa da shi, kuma kada a jefa a bolar da ake cinna wa wuta da yamma.

In kuwa ya riga ya kama, waya ko fawa bank ne ƙarami, a kashe wuta daga mita ko a zare in da hali, a fitar da yara, a kwara ruwa mai yawa daga nesa don ruwa ne ke sanyaya shi, ba a ɗauka da hannu. Babban batirin sola kuwa ba na jarumta ba ne, kowa ya fita, a ja ƙofa, a kira ƴan kwana-kwana a 118, a tada maƙwabta.

Ba zan ɗora komai a kan magidanci ba. Ƴan kasuwarmu da ke shigo da kaya sun san wanda aka cika da tsofaffin ƙwayoyin batir da aka ciro daga matattun kwamfutoci, sun san cajar da bata da abin yanke wuta in batir ya cika, kuma suna saidawa a haka da lambobin ƙarya a jikin kwali. Alhaji, ribar nan bata kai ran ɗan wani ba. Masu haɗa sola su ma su ji tsoron Allah, batirin lithiyam ba a haɗa shi babu na'urar da ke kula da cajinsa, wadda suke kira BMS, kuma su riƙa gaya wa mai gida cewa akwai nau'in LiFePO4 da ya fi jure zafi ko da ya ɗan fi tsada, ya zaɓa da saninsa. Hukumar ANOR da aka ɗora wa duba ingancin kaya a Kamaru, da ƴan duwan, wato kwastan, da ke kan iyaka, aikinsu ne su tare jabun tun kafin ya iso kasuwar Garwa. Ƙananan hukumomi kuma su ware wurin karɓar matattun batira a manyan kasuwanni, ko da ganga ce mai yashi a kusa da layin masu gyaran waya, don su ne ke tara su da yawa a cikin akwati ɗaya ƙarƙashin tebur.

Limamanmu da masu unguwanni ina roƙonku ku saka wannan a cikin sanarwar bayan sallah kafin zafin bana ya kankama, minti biyu ya isa: a sauke caji daga katifa, a kawar da shi daga bakin ƙofa, a raba shi da jarkar mai.