Madubi Mai Doro da Bashin Taki

A kasuwar Kurmi na tsinci madubin, wajen masu sayar da tsofaffin kayan ƙawa. Zagayayye ne, an kewaye shi da sassaƙaƙƙen katako wanda ruwan zinarensa ya koɗe, gilashinsa kuma ya yi doro kamar bayan cokali. Wani malamin kimiyya da muka shiga motar Ringim tare ya bayyana mini cewa a Turai, wajen ƙarni na 15, hura gilashi ake yi ya zama ƙwallo, a zuba narkakkiyar dalma a ciki, sannan a yanka shi, kuma masu ba da rance sukan rataya irinsa domin su ga kowane lungu na shagonsu ba tare da sun waiwaya ba.

Ni ba na ba da rance, ci nake yi, saboda haka na ga amfaninsa ta wata fuskar. Na kafa shi a bakin zaure, ina kishingiɗe a tabarma ina hango layinmu gabas da yamma, domin hasken da ya faɗa kan doron tarwatsewa yake yi, sai fili mai faɗi ya shige cikin ɗan gilashi. Sai dai kowane abu ƙanƙancewa yake yi, ido kuwa ya saba ɗaukar ƙaramin abu a matsayin na nesa. Wannan ɓangaren malamin ya faɗe shi ne daidai lokacin da kwandasta yake rigimar canji.

Wata rana da hantsi ina shan fura, na hango Alhaji mai shago, wanda yake bina kuɗin takin zamani tun damina, ɗan mitsitsi da shi can gefen gilashin. Na ƙiyasta zan shanye furar, in sulale cikin gida, in turo yaro ya ce na tafi gona. Ludayi yana bakina na ji sallama a kaina.

"Malam, ashe kana gida?"

"Ina nan, Alhaji, yanzu nake shirin zuwa wajenka."

Ya leƙa madubin, hancinsa ya kumbura ya danne sauran fuskar, ya yi dariya har hularsa ta karkace, sannan ya sauke shi ya ce ya yafe rabin buhu, saura ɗaya da rabi. Yanzu yana rataye a shagonsa, saman buhunan sukari, kuma ko ta wane gefen layi na raɓa, sai in ji ya ƙwala mini kira alhali ya ba ni baya.